BABI NA BIYU: TARIHIN ƊAUKAR HOTO A MABUƊIN FINAFINAN DA AKA KALLA A GUSAU, TSAFE DA BUNGUƊU

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda salon ɗaukar hoto a farkon fim ya riƙa sauyawa a ƙasar Hausa, tun daga zamanin majigi har zuwa zamanin kallo a wayar hannu. Za a dubi al'amarin ne ta fuskar masu kallo na garuruwan Gusau da Tsafe da Bunguɗu, waɗanda a da suke cikin Lardin Sakkwato, daga baya Jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996. Manufar babin ita ce a nuna cewa hoton da aka zaɓa aka buɗe fim da shi yana bayyana irin matsayin da mai shirya fim ya ajiye mai kallo a kai, kuma wannan matsayi ya sha canzawa gwargwadon wanda ke riƙe da kyamara, da irin na'urar da ke hannunsa, da kuma wurin da ake zama a yi kallon.

2.1 Ma'anar Mabuɗin Fim da Ire-iren Ɗauka

Abin da ake nufi da mabuɗin fim a wannan bincike shi ne hotunan da ke fara bayyana tun daga lokacin da labari ya soma har zuwa ƙarshen fitowa ta farko. A adabin baka na Hausa akwai makamancin haka. Mai tatsuniya kan ce "ga ta nan, ga ta nanku", masu sauraro su amsa, daga nan kowa ya san an bar duniyar yau da kullum an shiga ta Gizo da Ƙoƙi. Haka ma baƙo ba ya faɗa wa gida kai tsaye, sai ya tsaya a zaure ya yi sallama. Mabuɗin fim yana yin aikin waɗannan abubuwa biyu, wato ya sanar da mai kallo inda aka kawo shi, ya kuma gabatar masa da mutanen da zai zauna da su.

Ana iya karkasa ɗaukar hoto ta hanyoyi uku. Ta farko ita ce nisan kyamara da abin da ake ɗauka, inda ake samun hoton nesa mai nuna gari ko fili, da hoton tsaka-tsaki mai nuna mutum daga ƙugu zuwa kai, da hoton kusa mai cika allo da fuska ko hannu ko wani abu guda. Ta biyu ita ce tsayin kyamara, domin wanda aka ɗauko daga ƙasa yakan fito da girma da kwarjini, wanda kuwa aka ɗauko daga sama yakan fito ƙarami kamar mai neman taimako. Ta uku ita ce motsi, wato ko kyamara ta tsaya cik, ko ta juya hagu da dama, ko ta bi mutum, ko kuma ta zuƙo shi daga nesa.

Tun farkon tarihin silima aka fahimci cewa waɗannan abubuwa suna ɗauke da ma'ana. Finafinan 'yan'uwan nan biyu na gidan Lumière, waɗanda aka fara nunawa a Faransa a 1895, ɗauka guda ce daga kyamarar da ba ta motsi. Bayan kimanin shekara 25, Lev Kuleshov na ƙasar Rasha ya gwada haɗa hoton fuskar mutum ɗaya da hotunan abubuwa dabam-dabam, sai masu kallo suka riƙa ganin yunwa ko baƙin ciki a fuskar gwargwadon abin da aka jera ta da shi. A 1958 kuma Orson Welles na Amurka ya buɗe fim ɗinsa Touch of Evil da hoton kusa na bam a hannun wani mutum, sannan kyamara ta bi motar da aka ɗana wa bam ɗin fiye da minti 3 ba tare da an yanke ba. Mai kallo ya san abin da mutanen cikin motar ba su sani ba, shi ya sa hankalinsa ba ya kwanciya.

2.2 Zamanin Majigi

An fara nuna fim a Nijeriya a ɗakin taro na Glover da ke Legas a 1903, kuma an buɗe gidan silima na Rex a Kano a 1937. Amma yawancin talakawan Arewa ba ta gidan silima suka fara sanin fim ba, sai ta hanyar majigi, wato motar gwamnati da ke zagaya garuruwa da injin haska hoto da na wutar lantarki. Gusau tana da muhimmanci ga Turawa saboda cinikin auduga da gyaɗa, musamman bayan da layin dogo daga Zariya ya ratsa ta zuwa Ƙauran Namoda a 1929. Tsafe tana kan hanyar da ta taso daga Funtuwa zuwa Gusau, Bunguɗu kuma tana kan wadda ta wuce Sakkwato. Saboda haka saƙonnin gwamnati game da noma da tsafta da biyan haraji sun shafi mutanen waɗannan garuruwa kai tsaye.

Ana nuna majigi ne da dare a fili, galibi da izinin hakimi ko dagaci, ba a biyan ko anini, kuma akwai mai sharhi da ke riƙe da lasifika yana bayyana abin da ake gani da Hausa. Wanda ya tsara ƙa'idojin ɗaukar irin waɗannan finafinai shi ne William Sellers, wani jami'in kiwon lafiya da ya yi aiki a Nijeriya, wanda kuma ya shugabanci Sashen Finafinai na Ƙasashen Mulkin Mallaka da aka kafa a Ingila a 1939. A ra'ayinsa, mutumin karkara na Afirka ba zai gane dabarun silima ba. Don haka ya shimfiɗa cewa a ajiye kyamara daidai tsayin idon mutum, kada a riƙa juya ta don kada mai kallo ya zaci gidaje da itatuwa ne ke gudu, a bar kowane hoto ya daɗe a allo, kuma a guji komawa baya a cikin labari. Akwai wani labari da Turawan suka yi ta maimaitawa don kafa hujja, wai an nuna hoton kusa na sauro ya cika allo, sai masu kallo suka ce su sauron garinsu bai kai wannan girma ba, don haka gargaɗin bai shafe su ba.

Waɗannan ƙa'idoji sun sa mabuɗin fim ɗin majigi ya zama shimfiɗar darasi. Akan fara da hoton nesa na ƙauye ko gona, a tsaya a kansa har mai sharhi ya gama bayani, sannan a gabatar da mutum biyu, ɗaya mai bin shawarar malamin gona ko na tsafta, ɗayan kuma mai taurin kai. Tun daga nan an riga an nuna wanda zai ci riba da wanda zai yi da-na-sani. Fim ɗin Baban Larai na shekarun 1950, wanda aka shirya da Hausa don ƙarfafa noman zamani, musamman na auduga, yana cikin finafinan koyarwa da suka fi shahara a Arewa. Matsayin da irin wannan mabuɗi ya ba mai kallo shi ne na ɗalibin da ake zaton fahimtarsa ba ta da sauri.

Sai dai binciken da Peter Morton-Williams ya gudanar a farkon shekarun 1950, mai suna Cinema in Rural Nigeria, wanda ya haɗa da masu kallo Hausawa, ya nuna cewa mutanen karkara suna saurin gane dabarun fim. Inda saƙo ya kasa shiga, yawanci labarin ne bai dace da rayuwarsu ba. An rufe sashen na Ingila a 1955, amma Gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da aikin majigi, inda ta ƙara da finafinan rangadin Firimiya Sa Ahmadu Bello da na ayyukan raya ƙasa.

2.3 Silima da Finafinan Hausa na Farko

A daidai lokacin da majigi ke zagaya karkara, gidajen silima na birane suna nuna finafinan Amurka da na Indiya, daga baya kuma na Sin. Finafinan Indiya irin su Mother India na 1957 sun shafe shekaru ana maimaita su a Arewa. Masu kallo ba su jin harshen, don haka da hoto suke bin labari. Kusancin kyamara da fuskar jarumi, da zuƙo mugu da sauri tare da ƙarar kiɗa, da komawa baya zuwa ƙuruciyar jarumi, duk sun zama abubuwan da ɗan kallo ke fassarawa ba tare da mai sharhi ba. Wannan kaɗai ya isa ya rushe zaton Sellers.

Fim ɗin da ya fi dacewa a tsaya a kansa a wannan zamani shi ne Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni, daga littafin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta a gasar 1933. Adamu Halilu ya taso ne a cikin aikin finafinan gwamnatin Arewa, wato ya san ƙa'idojin majigi ciki da waje. Duk da haka fim ɗin ya fara ne da zaman Shaihu Umar da almajiransa, suka tambaye shi asalinsa, daga nan labari ya koma baya shekaru masu yawa zuwa Kagara, da zamanin bauta, da ƙetare hamada. Ke nan ginshiƙin fim ɗin gaba ɗaya shi ne dabarar komawa baya, wadda aka ce Bahaushe ba zai gane ba.

Akwai wata ma'ana kuma a wannan mabuɗi. Zaman malami da almajirai tsari ne da kowane mutumin ƙasar Zamfara ya sani, balle mutanen Tsafe da ke maƙwabtaka da 'Yandoto, tsohon garin malamai. Fim ɗin da ya fara da irin wannan zama ya sanya mai kallo cikin sahun almajirai, kuma mai ba da labarin malami ne na gida da ake girmamawa. A majigi ma an mai da mai kallo ɗalibi, amma malamin da ke can baƙo ne mai ganin ɗalibin bai waye ba. Fim ɗin ya ɓace wa jama'a na tsawon lokaci, sai a 2016 aka gano kwafinsa a rumbun Hukumar Finafinai ta Nijeriya a Legas, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Sauran finafinan silima na Hausa, irin su Ƙasarmu Ce na Saddiƙ Ɓalewa na 1991 da Kulɓa Na Ɓarna na Brendan Shehu na 1992, sun fito ne a lokacin da tsadar kayan aiki ta riga ta durƙusar da harkar.

2.4 Zamanin Kaset ɗin Bidiyo

A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa da ke Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da aka kai kasuwa. Gimbiya Fatima ya biyo baya a 1992, sai In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1994. Masu wannan sana'a sun fito ne daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da gidajen talabijin, wasu masu ɗaukar hoton kuma daga ɗaukar bukukuwan aure da suna. Kyamara ɗaya ake aiki da ita, fitilu kaɗan ne, kuma sau da yawa makirufon da ke jikin kyamarar shi ne ke ɗaukar magana.

Waɗannan dalilai sun yi tasiri a kan mabuɗin fim ta hanyoyi uku. Na farko, tun da dole kyamara ta matso kusa don a ji magana, sai fitowar farko ta zama ta mutum biyu ko uku a zaune a falo ko tsakar gida suna tattauna matsalar da fim zai ginu a kai, wadda sau da yawa ta aure ce. Na biyu, kaset ɗin da ya iso Gusau daga kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, ya wuce shagunan haya na Tsafe da Bunguɗu, an kwafe shi daga wani kaset, kuma hannaye da yawa sun juya shi. Duk kwafi yana rage kyan hoto. A ƙaramin akwatin talabijin hoton nesa yakan dushe har ba a gane mutane, amma fuskar da ta cika allo tana nan a bayyane. Na uku, zuƙowa ita ce motsin da ba ya cin kuɗi, don maɓalli kawai ake dannawa, shi ya sa ta yawaita.

Daga nan aka samu wani mabuɗi da ya zama ruwan dare, wato a nuna ƙofar katafaren gida daga waje, maigadi ya buɗe, mota ta shiga, sannan a yanke zuwa cikin falo. A cikin daƙiƙoƙi kaɗan an gaya wa mai kallo cewa gidan masu hali ne, kuma an shigar da shi inda a zahiri ba zai wuce bakin ƙofa ba. Idan gidan talaka ne, akan nuna katangar ƙasa da zaure da mace tana aiki a tsakar gida. Idan aka jera hotunan biyu a farkon fim, mai kallo ya riga ya san rikicin tun kafin kowa ya buɗe baki, kamar yadda Hausawa ke cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Bayan nasarar Sangaya a 1999, wanda ya haɗa ɗan sarki da yarinya mai aikin gida, waƙa da rawa suka samu gindin zama, kyamara kuma ta fita lambuna da bakin ruwa ta fara bin masu rawa.

Muhimmin sauyi a nan shi ne na masu kallo. Gidan silima wuri ne da ake ganin bai dace da matan aure ba, amma bidiyo ya shiga har ɗaki. Mabuɗin da ke farawa a falo ko tsakar gida ya dace da waɗannan sababbin masu kallo, domin ya ɗauke su a matsayin 'yan gida da ake zance a gabansu.

2.5 Shari'a da Tace Finafinai

Ranar 27 ga Oktoba, 1999, Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki a watan Janairu na 2000, kuma gidajen silima na cikin wuraren da aka rufe a jihar. A Kano, inda ake shirya mafi yawan finafinan, gwamnati ta dakatar da harkar a watan Disamba na 2000, sannan ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. Daga cikin sharuɗɗan da aka jaddada akwai suturar mutunci da hana namiji da mace taɓa juna.

Wannan ya ƙara wa kyamara nauyi. Abin da fim ɗin Indiya zai nuna da riƙe hannu, na Hausa sai ya nuna shi da kallo, wato a ɗauko fuskar saurayi, a yanke zuwa ta budurwa tana sunkuyar da kai, a sake komowa kansa. Tazarar da ke tsakanin mutum biyu a cikin hoto guda, da wanda ke kan kujera da wanda ke durƙushe a ƙasa, su suka zama hanyar bayyana so da kunya da girmamawa. Mai kallo a Bunguɗu ko Tsafe ba ya buƙatar a gaya masa wane ne uba wane ne ɗa a fitowar farko, domin tsarin zaman ya gama bayani.

2.6 Zamanin Dijital da Wayar Hannu

Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kawo shiri mai dogon zango na Daɗin Kowa a 2015. A 2020 kuma Labarina na Aminu Saira da Izzar So suka tabbatar da cewa kasuwa ta koma ga finafinai masu dogon zango a talabijin da YouTube. Kyamarori sun ƙara kyau, an kuma samu ƙaramin jirgi maras matuƙi mai ɗauke da kyamara. Da shi ne hoton nesa ya dawo, sai dai wannan karon daga sama ake ɗauko birni da gadoji da manyan tituna. A gefe guda kuma, tun da a allon waya ake yawan kallo, kuma ɗan kallo na iya tsallakewa da yatsa ɗaya, masu shiryawa sukan fara da maimaita inda aka kwana ko da fitowa mai tayar da hankali don su riƙe shi.

A nan ne wata matsala ta fito fili game da yankin da ake nazari. Biranen da ake nunawa daga sama galibi Kano ce ko Kaduna ko Abuja. Dutsen Kwatarkwashi da ke ƙaramar hukumar Bunguɗu, da duwatsun Tsafe, da gulbin da ya ratsa Gusau, ba safai suke zama hoton farko na fim ɗin Hausa ba. Hotunan Zamfara da suka fi yawo a duniya a shekarun baya-bayan nan su ne na matsalar 'yan bindiga. A watan Yuli na 2022 sashen BBC Africa Eye ya fitar da wani shiri a kan shugabannin 'yan bindigar jihar, kuma a watan Agusta na shekarar Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talabijin ta Ƙasa ta ci tarar gidan Trust TV naira miliyan 5 saboda nasa shirin a kan matsalar. Muhawarar da ta biyo baya ta ta'allaƙa ne a kan tambayoyin da wannan babi ke yi, wato wa aka sa a gaban kyamara, daga wane nisa, kuma wa aka fara nunawa, mai riƙe da bindiga ko wanda aka raba da gidansa.

2.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa mabuɗin fim ya bi matakai dabam-dabam a idon masu kallo na Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Majigi ya buɗe da hoton nesa maras motsi saboda an raina fahimtar mai kallo. Shaihu Umar ya zaunar da shi gaban malaminsa, ya kuma amince zai iya bin labarin da ya koma baya. Bidiyo ya matso da fuska kusa saboda ƙarancin kayan aiki da raunin kaset, ya shigar da mai kallo cikin gida, dokokin tacewa kuma suka sa kallo da tazara suka ɗauki ma'anar da taɓawa ba za ta ɗauka ba. Zamanin dijital ya ɗaga kyamara sama, amma garuruwan da take nunawa kaɗan ne. Waɗannan matakai su ne ma'aunin da za a yi amfani da shi a babi na uku wajen ƙalailaice mabuɗan finafinan da aka zaɓa, ta fuskar nisa da tsayi da motsin kyamara.